DARASIN WATA: JIYYAR MAI YAWAN DAMUWA

Darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne wanda ba shi da ƙurji, ba shi da kumburi, amma ya kan kwantar da mutum kamar yadda zazzaɓi ke yi. Ku karanta shi tare, ko a zumuntar mata, ko a taron dattawa, ko cikin ajin matasa, kāna ku amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Da wuya a sami ekklesiyar da babu irin wannan mutum a cikinta. A ce mace ce, mijinta ya rasu bara, ya bar ta da 'ya'ya biyar da bashin taki. Dā ita ke tā da waƙa a zumunta, yanzu sai ta zauna can baya, ta fita tun ba a tashi ba. Kullum kanta na ciwo, wuyanta ya sanƙare, zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu. In ta kwanta sai tunani ya zo, har zakara ya yi cara idonta biyu. Ta je ɗakin magani sau uku, an gwada jininta ba a ga zazzaɓin sauro ba. Sai ta koma sayen ƙwaya a kasuwa. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce raki ne, waɗansu kuwa su ce bangaskiyarta ce ta yi sanyi. Ita dai ramewa ta ke yi.

Mu kan ce tunani ya yi mata yawa, ko kuwa abin duniya ya dame ta. Likitoci sun yi shekara fiye da 100 suna binciken wannan hali, sun kuma sami hanyoyin jiyya waɗanda an gwada su an ga amfaninsu. Yawancin hanyoyin nan babu allura babu kwalba, da zance a ke yinsu da koyo. Su za mu duba.

1. ABIN DA DAMUWA KE YI CIKIN JIKI

Ka tuna ranar da ka yi kaciɓis da kububuwa a bakin gona. Tun ba ka yi shawara ba ka riga ka yi tsalle da baya. Zuciya ta buga, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, gumi ya keto. Ga dalili. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutun nama. Sa'anda ƙwaƙwalwa ta ga hatsari sai ta aika wa ƙullutun nan, su zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adirenalin. Shi ke sa zuciya sauri, ya tura jini zuwa hannu da ƙafa, ya tsai da aikin ciki, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko na faɗa. Wani likita na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, shi ya bayyana wannan cikin littafinsa na 1915. Ya lura da kyanwoyi, ya ga in kyanwa ta tsorata ko ta fusata sai motsin tumbinta ya tsaya cik.

Wannan shiri mai kyau ne, gama shi ke ceton rai. Maciji ya wuce, bayan 'yan mintoci jiki ya koma daidai. Amma bashi ba ya wucewa kamar maciji. Haka kuɗin makaranta, da rikicin gida, da tsoron 'yan bindiga a hanya. Jiki kuwa ya kan amsa musu kamar yadda ya ke amsa wa maciji, sai ya zauna a ɗane dare da rana.

A 1936 wani likita a birnin Montreal na Kanada, Hans Selye, ya buga labarin abin da ya gani ga ɓeraye. Ya wahal da su ta hanyoyi dabam dabam, waɗansu da sanyi, waɗansu da yawan gudu, waɗansu da allurar guba kaɗan. Ko wace irin wahala ce, abin da ya tarar a cikinsu iri ɗaya ne. Ƙullutun bisa ƙoda sun kumbura, gaɓoɓin da ke tsare jiki daga cuta sun shanye, tumbi kuma ya yi gyambo. Sai ya kasa al'amarin mataki uku. Na fari firgita ne. Na biyu jurewa, sa'anda jiki ke ɗauke da kaya yana ta ƙoƙari. Na uku gajiya, sa'anda ƙarfi ya ƙare. Akwai wani ruwa na biyu da ƙullutun nan ke zubawa, watau kotizol, shi ke riƙe da jiki a lokacin jurewa. Bisa ga al'ada ya kan yi yawa da sassafe, ya ragu da dare. In wahala ta daɗe sai wannan tsari ya rikice, barci kuma ya lalace.

Maharbi ya san wannan magana. In ya dawo daga daji ya kan sassauta tsarkiyar bakansa, gama bakan da aka bari a ɗane kullum ba ya daɗewa sai ya saki.

An kuma gwada abin ga mutane. A 1991 aka buga sakamakon wani gwaji da Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka yi a garin Salisbury na Ingila. Mutum 394 masu ƙoshin lafiya suka yarda aka ɗiga musu ƙwayoyin mura a hanci, bayan an tambayi kowannensu nauyin damuwar da ke kansa. Aka ajiye su ana dubawa. Aka tarar waɗanda damuwarsu ta fi nauyi su suka fi kamuwa.

Ga alamun da a kan gani: ciwon kai, da sanƙarewar wuya da kafaɗa, da faɗuwar gaba, da rashin barci, da rashin jin daɗin abinci, da saurin fushi, da mantuwa, da gajiya tun da safe. Amma fa a yi hankali, kada a ɗora wa damuwa kowane ciwo. Dā likitoci sun ɗauka ita ce babbar mai kawo gyambon ciki, sai a 1982 likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ware wata ƙwayar cuta mai zama cikin tumbi. Ita ce ke kawo yawancin gyambon, tana kuwa jin magani. Ƙarancin jini, da wani irin ciwon maƙoƙo mai sa zuciya sauri, da ciwon sukari, duk su kan yi kama da damuwa. Domin wannan, matakin fari kullum shi ne a je a gwada jiki, a auna jini.

2. KAYA DA ƘARFIN MAI ƊAUKA

A 1967 likitoci biyu na Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera abubuwa 43 da kan sami mutum, suka ba kowanne lamba bisa ga nauyinsa. Mutuwar miji ko mata ita ce kan gaba da 100. Kisan aure 73, shiga kurkuku 63, kora daga aiki 47. Abin lura shi ne, yin aure ma ya sami 50. Ashe abin murna shi ma kaya ne, tun da shi ke yana canja zaman mutum. A Amurka aka yi wannan lissafi, ba a sa farin damina a ciki ba, ko gudun hijira. Amma darasinsa ya shafe mu. In abubuwa masu nauyi suka taru a kan mutum cikin shekara guda, sai a sa masa ido tun bai faɗi ba.

Duk da haka lamba kaɗai ba ta isa ba. A ce tsuntsaye sun cinye geron manoma biyu. Na fari yana da 'yan'uwa, da sauran hatsi a rumbu, da sana'ar rani. Na biyu baƙo ne a garin, ba shi da kowa. Hasara ɗaya ce, amma na fari zai yi barci, na biyu ba zai yi ba. Malamai biyu na Kalifoniya, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun bayyana wannan cikin littafinsu na 1984. Abin da suka koyar shi ne, mutum ya kan auna kayan da ke gabansa, ya kuma auna ƙarfin da ya ke gani yana da shi. In ya ga kaya ya fi ƙarfinsa, nan damuwa ke shiga.

To, jiyya tana da ƙofa biyu ke nan. Ko a rage kaya, ko a ƙara wa mai ɗauka ƙarfi. Akwai kayan da za a iya ragewa, kamar bashi. Akwai wanda ba ya raguwa, kamar mutuwa, wannan sai a taimaki mutum ya ɗauka. Mai jiyya na kirki ya kan fara da rarrabe su.

3. BENCIN TSOFAFFIN HARARE

Wani zai ce, ai wannan aikin manyan likitoci ne, mu kuwa a ƙauye mu ke. Bari mu ji abin da ya faru a ƙasar Zimbabuwe.

Akwai wani likitan ciwon hankali a birnin Harare, sunansa Dixon Chibanda. Irinsa 'yan kaɗan ne ƙwarai a ƙasar duka. A 2005 wata yarinya da ya ke dubawa ta kashe kanta a garinsu, can nesa da birni. Da ya tambayi uwar don me ba su dawo asibiti ba, sai ta ce ba su da kuɗin mota. Abin ya tsaya masa a rai. A 2006 ya tara tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare, masu aikin lafiya na unguwa, ya koya musu hanyar zance da mai damuwa. Aka kafa benci na katako a farfajiyar ɗakin magani. Mai damuwa ya zo ya zauna da tsohuwa, su yi zance da harshen Shona. Sunan ciwon a harshensu kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, daidai da yadda mu ke faɗi. Aka sa wa aikin suna Bencin Abuta.

A 2016 aka buga sakamakon gwajinsa. An ɗauki mutum 573 a ɗakunan magani 24 na Harare. Kashi guda suka zauna a benci har sau shida, sauran aka yi musu irin kulawar da aka saba tare da ɗan bayani. Bayan wata shida aka duba. Cikin waɗanda suka zauna a benci, kamar 14 bisa 100 ne ke da sauran alamun baƙin ciki mai nauyi. Cikin sauran kuwa kamar 50 bisa 100.

A shekarar nan ta 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyarwa mai kama da wannan, domin waɗanda ba likitoci ba. Zama biyar ne, sau ɗaya a mako, kowane zama minti 90. An gwada shi a Peshawar ta Fakistan da Nairobi ta Kenya, aka ga yana rage damuwa. A lura fa, tsofaffin Harare an koya musu, akwai kuma masu duba aikinsu. Karanta wannan darasi ba zai mai da kowa likita ba. Amma matakan da ke ƙasa kowa ya iya koyonsu domin kansa da maƙwabcinsa.

4. MATAKAI BIYAR NA JIYYA

Na fari, kwantar da jiki. Ba mu iya umurtar zuciya ta rage sauri, amma numfashi yana hannunmu, zuciya kuwa ta kan bi shi. Ka zauna ka saki kafaɗunka. Ka ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Ka ja iska ta hanci a hankali kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, har hannun cibiya ya ɗaga, na ƙirji kuwa ya zauna kusan wuri ɗaya. Ka sake ta a hankali kana ƙirga uku kuma. Ka yi haka minti biyar da safe, minti biyar kafin barci. In ka ji jiri kaɗan, ka rage zurfin jan iskar. Ka koye shi tun hankalinka na kwance, gama ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Akwai kuma hanyar wani likita na Chicago, Edmund Jacobson, wadda ya rubuta a 1929. Ya ga mai damuwa ya kan ƙanƙame tsokar jikinsa bai sani ba. Sai ka dunƙule hannu da ƙarfi ka ƙirga biyar, ka saki, ka lura da bambancin. Ka bi jiki haka gaɓa gaɓa, dantse, kafaɗa, fuska, ciki, cinya, har yatsun ƙafa. Wurin da ke da rauni ko kumburi a tsallake shi.

Na biyu, warware matsala ɗaya ɗaya. Wannan shi ne babban aikin benci. Bari mu koma wurin gwauruwar nan, a ce wata dattijuwa ta zumunta ta zauna da ita a gindin mangwaro.

Ta ce, "'Yata, me ya fi damunki?"

Ta ce, "Mama, kome ya lalace."

Ta ce, "Na ji. Faɗa mini su ɗaya ɗaya, ina ƙirgawa."

Sai ga abu huɗu: bashin taki, da ɗaki mai yoyo, da kuɗin makarantar babban ɗanta, da kewar mijinta. Dattijuwa ta ce, "Kewar maigidanki ba mu iya kawar da ita, sai dai mu zauna da ke a cikinta. Sauran ukun fa, wanne za mu fara taɓawa?" Ta zaɓi bashi, gama mai bashin ya kan aiko kowace kasuwa.

Daga nan suka jera dukan hanyoyin da suka zo musu, ba su raina ko ɗaya ba tukuna: sai da akuya, shiga adashi, toya ƙosai a bakin makaranta, roƙon mai bashi ya raba kuɗin kashi uku har kaka. Kāna suka auna kowace. Gwauruwar ta zaɓi ta ƙarshe. Dattijuwa ta ce, "Yaushe za ki je? Wa zai raka ki? Me za ki ce in kin isa?" Suka tsai da ranar Alhamis bayan kasuwa, tare da ƙanen mijinta. Mako na zagayowa suka sake zama su ga abin da ya faru. In ya yarda, sai a ɗauki matsala ta biyu. In ya ƙi, sai a koma kan jerin a zaɓi wata hanya.

Ku lura, dattijuwar ba ta zaɓar mata ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In kai ka zaɓa wa mutum, gobe ma sai ya dawo ka zaɓa masa. In shi ya zaɓa ya ga ta yi, ƙarfinsa ne ya ƙaru.

Na uku, tashi a ci gaba da aiki. Mai damuwa ya kan bar abin da ya saba yi, ya ce sai ya ji daɗi tukuna. Iyakar zamansa iyakar ƙaruwar tunani, tunanin kuma ya ƙara zaunar da shi. Hanyar fita ita ce a fara yi tun ba a ji daɗin ba, daɗin ya kan biyo baya. A zaɓi abu biyu ƙanana, ɗaya na aiki ɗaya na jin daɗi, a sa musu lokaci. A ce share tsakar gida da hantsi, da zuwa koyon waƙa ran Laraba. Tafiya da ƙafa ta rabin sa'a ma magani ce, musamman ga masu aikin zama kamar tela da akawu da malamin makaranta.

Na huɗu, gwada tunani. Wani likita na Filadelfiya a Amurka, Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, ya lura tun wajen 1960 cewa masu baƙin ciki suna da waɗansu tunani masu faɗo musu farat ɗaya, su kuwa karɓe su kamar gaskiya ba bincike. Misali, gwauruwar ta gai da matar fasto a kasuwa ba ta amsa ba. Nan da nan zuciyarta ta ce, kowa ya ƙi ni tun da na talauce. Sai ta ƙi fita kwana uku. Jiyyar Beck ita ce a sa tunanin a gaba a yi masa tambaya kamar yadda alƙali ke yi wa mai ƙara. Ina shaida? Akwai wani dalili dabam, ko ba ta ji ba ne cikin hayaniya? Da ƙawarki ce ta zo da wannan magana, me za ki ce mata? Ba a ce mutum ya ruɗi kansa da cewa kome lafiya ba. Abin nema shi ne ya ga al'amarin daidai girmansa.

Na biyar, jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tambayi mai damuwa, wa ka amince da shi? Wa ya taɓa taimakonka? A taimake shi ya zaɓi mutum ɗaya ya je wurinsa cikin makon nan. Wani likitanmu na Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya ga ƙarfin wannan tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta. Ya saukar da masu ciwon hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa jiyya da rana suna kwana cikin mutane.

5. ABIN DA ZA A GUJE WA

Ƙwayar barci irin su Valium ta kan kwantar da jiki daren farko, amma cikin 'yan makonni jiki ya saba da ita, har mutum ya kasa barci sai da ita. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari rana ɗaya, gama wannan da hatsari, sai likita ya rage masa kaɗan kaɗan. Tiramol, wanda matasa da 'yan ƙwadago ke sha domin su jure aiki, yana kama mutum, yawansa kuma ya kan kawo bugun farfaɗiya. Maganin tari mai kodin ya yi ɓarna har gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Giya da burukutu su kan kawo barci da wuri, amma su tsinka shi da tsakar dare, gari ya waye bashin yana nan, kuɗi kuma sun ragu. Goro da kofi da shayi mai kauri suna hana barci, a bar su tun daga la'asar. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kowace rana, a kuma ajiye waya nesa da shimfiɗa.

6. LOKACIN DA ZA A KAI MUTUM ASIBITI

Akwai inda zance a gindin itace ba ya isa. A kai mutum wurin likita in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) Baƙin ciki ko rashin sha'awar kome ya wuce mako biyu, kusan kowace rana, har ya kasa aiki ko kula da yara.

(b) Ya bar cin abinci, ko yana ramewa da sauri.

(c) Yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yana zancen da ba kai.

(d) Mai jego ce ta shiga baƙin ciki, ko tana tsoron za ta cuci jaririnta.

(e) Ƙirji na ciwo, ko numfashi na yankewa. Wannan a ranar za a tafi, gama ya yiwu zuciya ce.

(f) Yana cewa gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa yana ban kwana.

A kan na ƙarshe, kada ku ji tsoron tambaya a fili, "Kana tunanin kashe kanka?" Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi ta kan kawo masa. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin ƙwari da na ɓera, da ƙwayoyi, da bindiga daga gidan, a kai shi asibiti ran nan.

Akwai asibitocin ciwon hankali a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen wannan aiki. Zuwa can ba ya nuna mutum ya haukace. Maganin baƙin ciki da likita ke rubutawa ya kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ji aikinsa, sabo da haka kada a yar da shi bayan kwana uku, kada kuma a bari da an ji sauƙi sai likita ya ce. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a yi masa jiyya da mutunci. Mari da bulala ba su taɓa warkar da kowa ba.

7. MAGANA GA DATTAWA DA SHUGABANNIN ZUMUNTA

Sau da yawa ku ne na fari da a ke zuwa wurinku, tun kafin likita. Ku yi hankali da cewa mutum rashin bangaskiya ne ke damunsa. Wanda ya zo da kaya ɗaya sai ya koma da biyu, gama kun ƙara masa da jin laifi, ba kuwa zai sake zuwa ba. Ku tuna da annabi Iliya cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi mutuwa. Ba a fara da tsauta masa ba. Ya yi barci, aka tashe shi ya ci ya sha har sau biyu. Daga baya aka tambaye shi abin da ya kawo shi, ya faɗi, kāna aka ba shi aiki da abokin aiki, watau Elisha. Ku yi addu'a da mai damuwa, ku kuma raka shi asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Ku fi yawan ji da faɗi. Kada ku katse shi da labarin wahalarku. Abin da aka faɗa muku a asirce kada ya fito a wa'azi, ko cikin roƙon addu'a a gaban jama'a, ko a wurin matanku da mazanku. Sai fa in rai na cikin hatsari, nan dole a gaya wa wanda zai taimaka, shi ma mai maganar a sanar da shi za a faɗa. Ya fi kyau mace ta zauna da mace, namiji da namiji, a wurin da a ke ganinsu amma ba a jinsu. Ku ma masu ji kuna da ƙullutun nan bisa ƙodarku. Wanda ke ɗaukar damuwar mutane da yawa, sai shi ma ya sami ranar hutu da wanda zai gaya wa tasa.

TAMBAYOYI

1. Me adirenalin ke yi cikin jiki? Don me shirin da ke ceton rai ya kan koma ya cuci mutum?

2. Ku faɗi matakai uku na Hans Selye.

3. Don me ya wajaba a gwada jiki a asibiti kafin a ce damuwa ce?

4. Manoma biyu sun yi hasara ɗaya. Me ya bambanta su?

5. Don me dattijuwar ba ta zaɓar wa gwauruwar hanya ba?

6. Ku faɗi alamu shida da ke nuna lokacin zuwa asibiti ya yi.

7. In ɗan'uwa ya ce muku gara ya mutu, me za ku yi a ranar?

AIKIN WATA

Kowa ya yi numfashin nan safe da dare har kwana bakwai, ya zo ya ba da labari. Ku rabu biyu biyu ku gwada zancen benci, ɗaya ya kawo ƙaramar matsala ta gaske, ɗaya ya yi tambaya kaɗai ba ya ba da shawara, sa'an nan ku juya. Shugaba ya binciko asibiti mafi kusa da ke duba irin wannan ciwo, da ranar da a ke ganin likita, da kuɗin mota zuwa da dawowa, ya rubuta ya ajiye a littafin ekklesiya. Kāna ku duba wanda ya daina zuwa taro cikin watannin nan, mutum biyu su je su gaishe shi kafin Lahadi.